Tarayyar Lafazi da Ɓacin Ƙiyasi: Nazari a Kan Rufewar Littafin Sullam

Da wuya a sami ɗalibin ilimi a ƙasar Hausa da bai fara fiƙihu da littafin Ahalari ba. Da shi ake koyon tsarki da salla da ƙabli da ba'adi, kafin a wuce zuwa Ishmawi da Iziyya da Risala. Waɗanda karatu ya yi nisa da su sukan sake haɗuwa da mawallafinsa, Shaihu Abdurrahman al-Akhdari, mutumin yankin Biskra a Aljeriya ta yau, a wani fage dabam, wato waƙensa na manɗiƙi mai suna As-Sullamul Munauraƙ, wanda ya tsara a shekara ta 941 bayan Hijira yana ɗan shekara 21. Baitocin ba su wuce 140 da 'yan kai ba, amma sukan ɗauki ɗalibi tun daga rabe-raben sani, su ratsa da shi ta kan lafazi da ta'arifi da jumloli, har su kai shi ga ƙiyasi da siffofinsa huɗu. Daga nan sai mawallafin ya rufe da ɗan gajeren bayani a kan ƙofofin da kuskure yake shiga hujja ta cikinsu. Wannan rufewa ita aka fi yi wa karatun gaggawa, saboda an ƙagu a sauke littafin, alhali kuwa ita ɗalibin addini zai fi buƙata ranar da ya tashi daga gaban malami ya faɗa cikin masu jayayya.

Al-Akhdari ya ce kuskure yana shiga hujja ko dai ta kayan da aka gina ta da su, ko ta siffar ginin. Na kayan ginin ya raba shi gida biyu, na lafazi da na ma'ana. A ƙarƙashin na lafazi ya ambaci ishtiraki, wato tarayyar ma'anoni biyu ko fiye a cikin kalma ɗaya, sannan ya ambaci ɗaukar kalmomi biyu mabambanta tamkar ma'anarsu ɗaya. Rabon tsoho ne, tun daga Arisɗo, wanda ya ware ruɗun da ke fitowa daga lafazi da wanda ke fitowa daga wajensa. Abin lura shi ne ishtiraki bai sami fiye da kalma ɗaya tak ba, a cikin baiti ɗaya. Masu sharhi ne suka cike giɓin da misalai, kuma waɗanda suka fi yawo su ne kalmar «ain», mai nufin ido ko idon ruwa ko rana ko zinariya, da kalmar «ƙur'u», mai nufin haila ko tsarki.

Yadda ɓarnar take aukuwa a fili yake. Ƙiyasi yana tsayuwa ne a kan kalmomi uku, kuma ta tsakiyar, wadda take maimaituwa a muƙaddima ƙarama da babba, ita ce igiyar da ke ɗaure sauran biyun. Idan an nufi wata ma'ana da ita a farko, aka nufi wata a karo na biyu, to igiyar ta tsinke. Kunne ya ji kalma uku, amma a haƙiƙa huɗu ne. Masu sharhin da kansu sukan ce illar ita ce kalmar tsakiya ba ta maimaitu ba, wanda yake nuna cewa cutar ta fi kusa da siffar ƙiyasi, ko da yake nazamin ya ajiye ta a wajen kayan gini. Wannan ba gardamar jeri ba ce kawai. Wanda ya ɗauka cewa matsalar tana cikin kayan gini zai ɗauki kowace muƙaddima ya auna ta ita kaɗai, kuma zai same ta gaskiya. Ta farko gaskiya ce bisa ma'ana ɗaya, ta biyu gaskiya ce bisa ɗaya ma'anar. Ƙaryar tana ɓoye a mahaɗarsu, inda bai duba ba.

Babbar naƙasar wannan babi, yadda ake karantar da shi, tana cikin misalansa. Ba a taɓa jin wanda ya ruɗe tsakanin idon mutum da idon ruwa har ya gina aƙida a kai ba. Ma'anonin sun yi wa juna nisa, shi ya sa ɗalibi yake murmushi ya wuce, yana ganin tarko ne na yara. Tarayyar da take kayar da manyan mutane ita ce wadda ma'anoninta 'yan ɗaki ɗaya ne: ma'anar kalma a lugga da ma'anarta a shari'a, ko ma'anarta a bakin magabata da ma'anarta a isɗilahin 'yan baya, ko kuma kalmar da take da hawa-hawa, ana faɗinta ga babba ana faɗinta ga ƙarami. Al-Akhdari ya san wannan na ƙarshe, domin tun a farko-farkon littafin ya lissafa alaƙar lafazi da ma'ana kashi biyar, har da tashkiki, wato ma'anar da take fifita a wani wuri a kan wani, kamar haske a rana da a fitila. Sai dai bai dawo da shi a rufewar ba. Lafazin da aka cirato daga wata ma'ana zuwa wata kuwa, wanda Taftazani ya ambata da sunan manƙuli a Tahzibul Manɗiƙ, ɗalibi sai ya je darasin usulu, a Waraƙat ko waninsa, sannan zai ji rabuwar haƙiƙa zuwa ta lugga da ta shari'a da ta al'ada. Darasi biyu ne, sau da yawa a gaban malamai biyu, kuma ba kowa yake haɗa su ba.

Shi kansa nazamin bai kuɓuta daga wannan ba. A farkonsa ya kawo saɓanin malamai a kan hukuncin koyon manɗiƙi, ya ambaci Ibnus Salah da Nawawi cikin masu haramtawa, ba tare da ya faɗi wane manɗiƙin ake nufi ba. Masu sharhi ne suka zo suka ce saɓanin yana kan wanda aka cakuɗa da maganganun falsafawa, ban da tsantsar ƙa'idojin tunani irin waɗanda ke cikin Mukhtasar na Sanusi. Ko musayar baitocin da aka yi tsakanin Suyuɗi da Shaihu Maghili, baƙon Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, ana iya tambaya a kanta ko abu ɗaya suke kira da wannan suna.

Misali na farko da ya cancanci shiga darasin shi ne kalmar nasakhi. A wurin malaman usulu na baya, nasakhi shi ne ɗauke hukuncin shari'a da wani dalili da ya zo bayansa. A bakin Sahabbai da Tabi'ai kuwa kalmar ta fi haka faɗi: sukan kira keɓance gamamme nasakhi, su kira ƙayyade sakakke nasakhi, su kira togiya da bayani nasakhi. Shaɗibi ya yi wannan bayani a Muwafaƙat, Ibnul Ƙayyim ma ya yi shi a I'ilamul Muwaƙƙi'ina. An ruwaito daga Ibnu Abbas, Allah Ya yarda da shi, cewa ya yi amfani da kalmar a kan ayoyin ƙarshen Suratush Shu'ara, inda aka zargi mawaƙa sannan aka toge muminan cikinsu. Babu hukuncin da aka ɗauke a wurin, togiya ce kurum. To idan mai hujja ya ce wane daga magabata ya ce wannan aya mansukhiya ce, kuma duk aya mansukhiya ba a aiki da hukuncinta, saboda haka an daina aiki da wannan, ya ɗauko muƙaddimarsa ta farko daga ƙarni na 1, ta biyu daga littattafan usulu na ƙarnonin baya, ya ɗaure su da kalmar da ta sauya ma'ana a tsakani.

Abin da wannan ya haifar ba ƙarami ba ne. Littattafan nasikhi da mansukhi sun cika da ɗaruruwan ayoyi, har irin su Hibatullahi bin Salama suka lissafa ayoyi sama da 100 na haƙuri da yafiya da kau da kai a matsayin waɗanda ayar takobi ta shafe. Da Suyuɗi ya tace su a Itƙan bisa ma'anar 'yan baya, kimanin 20 suka rage a hannunsa, Shah Waliyyullahi na Dihli kuma ya dawo da su 5 a Al-Fauzul Kabir. Ba dole ba ne a yarda da lissafin ɗayansu kafin a ga girman tazarar, da kuma abin da zai biyo baya ga zaman Musulmi da maƙwabtansu idan wani ya ɗauki lissafin farko da ma'anar ƙarshe.

Kalmar karaha ta bi irin wannan hanya, sai dai ita sassauci take haifarwa. Imamai na farko sukan ce sun ƙi abu saboda tsantsenin furta kalmar haram, alhali haramcin suke nufi, kuma aya ta 38 a Suratul Isra'i ta kira munanan abubuwan da aka hana kafinta, ciki har da zina da kisan kai, abin ƙi a wurin Ubangiji. Wanda ya karanta irin wannan lafazi daga Imamu Malik ya fassara shi kai tsaye da makaruhin da aka koya masa a Ishmawi, wanda ba a azabtar da mai aikata shi, zai iya jingina wa Imamin sauƙin da bai yi ba. A wani wurin karahar ta tanzihi ce, a wani wurin ta haramci. Manyan malaman mazhaba suna rarrabewa da alamomi, ba da kalmar kaɗai ba.

Amma kalmar da ta fi kowace cin lokacin masu wa'azi da ɗalibai a wannan ƙasa ita ce bidi'a, kuma a nan ne tarayyar lafazi take aiki a ɓangarorin biyu gaba ɗaya. Izzuddin bin Abdissalam a Ƙawa'idul Ahkam, da almajirinsa Ƙarafi a Furuƙ, sun ɗauki kalmar da faɗinta: duk abin da ba a san shi ba a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Tunda sun faɗaɗa ta haka, dole suka raba ta bisa hukunce-hukunce biyar, daga wajibi har zuwa haram. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kawo wannan rabo a Ihya'us Sunna. Shaɗibi a Al-I'itisam ya ƙi rabon, ya ƙuntata kalmar ga hanyar da aka ƙirƙira cikin addini tana kwaikwayon shari'a, ana nufin bauta da ita. Tunda ya ƙuntata ta haka, kowace bidi'a a wurinsa abar zargi ce, abubuwa irin su tattara Alƙur'ani a mus'hafi ɗaya kuwa ya sanya su a babin maslaha. Kowanne daga cikin malaman nan maganarsa a ɗaure take, farkonta bai saɓa wa ƙarshenta ba.

Ɓarnar tana zuwa ne daga mai aron rabi a nan rabi a can. Wani zai ce abu kaza ba a yi shi a zamanin Annabi ba, don haka bidi'a ne, kuma kowace bidi'a ɓata ce. Muƙaddimarsa ta farko ba ta inganta sai da ma'anar Izzuddin, ta biyu kuma ba ta inganta a gamammenta sai da ma'anar Shaɗibi. Da ya tsaya a kan ta Shaɗibi tun farko, da ya wajaba a kansa ya tabbatar da cewa abin an ƙirƙire shi ne a matsayin ibada, kuma ba shi da asalin da yake komawa gare shi. Wannan shi ne aikin, kuma shi ne ya tsallake. Abokin jayayyarsa shi ma yakan ce Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya yabi tara mutane a bayan Ubayyu bin Ka'ab don sallar dare a Ramadan, ya kuma kira ta bidi'a kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa, don haka akwai kyakkyawar bidi'a, don haka abin da yake karewa kyakkyawa ne. Ya manta cewa sallar tana da asali, domin Annabi ya yi ta da jama'a wasu darare sannan ya bari don tsoron kada a farlanta ta. Samuwar kyakkyawa a cikin jinsi ba ta sa kowane ɗaya daga jinsin ya zama kyakkyawa. Shi ma Izzuddin sai ya auna abu da ƙa'idojin shari'a kafin ya ba shi hukunci. Kama da wane ba ta wane.

Akwai kuma masu gudu zuwa ɗaya gefen, su ce ashe duk saɓanin na lafazi ne, kowa ya kama gabansa. Wannan ma gaggawa ce. Bayan an share ƙurar lafazi akan tarar da saɓani na haƙiƙa a ƙasa. Shaɗibi ya yi inkarin lazimtar addu'a cikin jam'i bayan sallolin farilla, malaminsa Ibnu Lubb ya yi masa raddi, dukansu Malikawa ne a Garnaɗa, kuma kowannensu ya san abin da ɗayan yake nufi da kalmar. Gano tarayyar lafazi yana rushe hujjar da aka gina a kanta ne kawai. Mas'alar tana nan tana jiran dalili.

Inda abin ya kai ga zubar da jini shi ne a kalmomin hukunci da kafirci. Bayan yaƙin Siffin a shekara ta 37, Khawarijawa sun ɗauki ayoyin da suka keɓe hukunci ga Allah, suka ce Sayyidina Ali ya sanya mutane yin hukunci, saboda haka ya ba wa wanin Allah abin da yake na Allah. Hukunci a muƙaddima ɗaya shi ne ikon shar'antawa, a ɗayar kuma shi ne raba gardama tsakanin masu husuma. Da Ibnu Abbas ya je musu bai musanta ayoyinsu ba. Sai ya kawo musu aya ta 95 a Suratul Ma'ida, inda aka ɗora wa adilai biyu ƙimanta fansar farautar mai harami, da aya ta 35 a Suratun Nisa'i, inda aka yi umarni da tayar da masu sulhu biyu tsakanin miji da mata. Wato ya nuna musu cewa Alƙur'anin da suke kafa hujja da shi ya yi amfani da kalmar da ma'ana ta biyu, ya kuma jingina ta ga mutane. Da yawa daga cikinsu suka dawo. Waɗanda suka ƙi su ne aka haɗu da su a Nahrawan shekara mai zuwa.

Kalmar kufru tana da hawa-hawa, kuma tun a gaban Annabi aka fara neman bayaninta. A hadisin sallar kisfewar rana, da ya siffanta matan da aka nuna masa cewa su ne mafi yawan 'yan wuta da wannan kalma, sai aka tambaye shi ko kafirce wa Allah ake nufi, ya bayyana cewa butulce wa miji da butulce wa kyautatawa ne. Bukhari ya ɗaura babi a kan wannan a Kitabul Iman don ya nuna cewa akwai kufrun da bai kai wani ba. Haka kuma da aya ta 82 a Suratul An'am ta sauka, kalmar zalunci ta yi wa Sahabbai nauyi, domin sun ɗauke ta da faɗinta, sai Annabi ya mayar da su ga wasiyyar Luƙman inda aka kira shirka zalunci. A wuri na farko kalmar ta sauka zuwa ƙaramin mataki, a na biyu ta hau zuwa babba. Babu ƙa'ida ɗaya da za ta hutar da mai karatu daga duba kowane wuri.

Ga mai karatu da Hausa akwai ƙarin mataki wanda Al-Akhdari da masu sharhinsa ba su yi tunaninsa ba, domin su harshe ɗaya suke aiki da shi. Hausa ta ari kalmomin Larabci masu yawa, ta ba su ma'anarta. Fitina a bakin Bahaushe rigima ce ko tashin hankali ko neman tsokana. Saboda haka akan ji ana kafa hujja da aya ta 191 a Suratul Baƙara, wadda ta sanya fitina sama da kisa wajen tsanani, a kan mai haɗa husuma tsakanin maƙwabta, alhali malaman tafsiri irin su Ɗabari sun fassara ta a wurin da shirka da juyar da mumini daga addininsa. Kufru kuwa Hausa ta raba shi kalma biyu, kafirci da butulci. Wannan ni'ima ce, amma tana ɗora wa mai fassara nauyin zaɓi a kowane wuri, kuma idan ya mayar da kowane kufru kafirci, mai sauraro ba shi da hanyar sanin cewa an yi masa zaɓi. A zauren tafsiri, inda nassin yake fitowa da Larabci natija kuma ta fito da Hausa, kalmar tsakiya takan sauya ma'ana daidai lokacin da take tsallakawa daga wannan harshe zuwa wancan.

Gwajin da ya kamata a haɗa wa ɗalibi da wannan babi ba shi da wuya. A cire kalmar da ta maimaitu, a sanya ta'arifinta a gurbinta a muƙaddima ta farko, sannan a sanya wannan ta'arifin dai, ba wani ba, a ta biyu. Idan dukansu sun tsaya, ƙiyasin ya tsira daga wannan cuta. Idan duk ta'arifin da ya tsayar da ɗaya sai ya kayar da ɗayar, an kama ɓarawon. Abin sha'awa, wanda ya fi kowa nacewa a kan wannan hanya shi ne Ibnu Taimiyya, marubucin raddi ga masu manɗiƙi. A Dar'u Ta'arudil Aƙli wan Naƙli ya yi ta maimaita cewa lafuzzan da ba su zo a nassi ba kuma suke ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya, kamar jiha da jismi, ba a karɓarsu ba a kore su sai an tambayi mai magana me yake nufi. Ko mutum ya yarda da sakamakon da ya kai gare shi a babin siffofi ko bai yarda ba, tambayar kanta ta Sahabbai ce, kuma Gazali, wanda ya ware fasali a Mi'iyarul Ilmi don ƙofofin kuskure a ƙiyasi, ba zai ƙi ta ba.

Sai dai makamin yana da kaifi biyu, kuma wannan ma rufewar Sullam ba ta faɗa ba. Da'awar cewa kalma tana da wata ma'ana ita ma da'awa ce mai buƙatar shaida. Malaman usulu sun ce asali shi ne rashin tarayya, kuma lafazin Mai shari'a ana ɗora shi a kan ma'anarsa ta shari'a har sai alama ta kawar da shi. Wanda ya ce nasakhi a bakin wani Tabi'i keɓancewa yake nufi, sai ya nuna cewa ayoyin biyu suna haɗuwa ba tare da karo ba. Wanda ya ce kufru a wani hadisi ƙarami ne, sai ya kawo abin da ya sauke shi, kamar yadda malamai suka haɗa hadisin da ya kira yaƙar Musulmi kufru da aya ta 9 da ta 10 a Suratul Hujurat, waɗanda suka kira ɓangarori biyu masu yaƙar juna muminai, suka kuma kira su 'yan'uwan masu yi musu sulhu.